Balbela Ta Tsage

Barranquilla, farkon Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Edelmira,

Gaisuwa mai yawa daga yayanki. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Hernando da yara da jikoki. Yaya gwiwar taki? Har yanzu sanyin Tunja na taɓa ta? Mu nan zafi ne da ruwan sama. Titinmu ya zama kogi kamar kowace shekara, an kuma sake yi mana alkawarin gyara shi.

Na san za ki yi dariya da ganin takarda da ambulan a wannan zamani. To wayarki a hannun jikokinki take wuni, abin da zan faɗa miki kuwa ba na so ya bi iska. Idan kin karanta ki yaga.

Balbela ta tsage.

Ranar Lahadi na ciro ta daga akwatin ƙarƙashin gado don in wanke ta da ruwan sabulu. Da na ɗaga ta a hasken taga sai ga layi siriri kamar gashi, daga baki har kusa da tsakiya. Na ɗora ta a garmaho. Tana tafiya, amma duk zagaye ɗaya sai allura ta ce tak. Na ɗage allurar na zauna a bakin gado.

Kina makarantar jinya a Bogotá lokacin da faifan nan ya shigo gidanmu, don haka ba ki ga yadda aka yi ba. Yaya Nicanor ya same shi a tashar jiragen ruwa, hannun wani ma'aikacin jirgi da ya taso daga gaɓar Afirka. Guda uku iri ɗaya mutumin ya kawo, Yaya ya saye duka. Ya zauna gindin mangwaron tsakar gida, ya kankare takardar tsakiyar ɗaya da bakin cokali har sunan mawaƙi da na waƙa suka ɓace, ya fasa sauran biyun a kan dutsen wanki, ya cusa kwalayensu a murhu. Haka duk masu piko, manyan na'urorin sa kiɗa a wurin rawa, ke yi a lokacin, don kada abokin hamayya ya leƙa ya karanta suna ya aika a sayo masa. Na tambaye shi sunan, ya ce ɗan boko ba ya riƙe sirri, da ya sha kwalba biyu zai fara lacca. Jama'a ne suka sa wa waƙar Balbela, saboda yadda jita ke ɗaga ƙafa a cikinta a hankali kamar mai taka ruwa. Da ita pikon Yaya ya kori duk wani piko daga Rebolo har Soledad. Ya mutu da sunan a cikinsa. Manyan akwatunan lasifikar nan masu fenti gara ta cinye su, ni na gaji faifan.

Kin san taron masu faifai da ake yi a mashayar Pertuz Lahadin ƙarshen Janairu, gab da bikin Karnabal. Kowa ya sa nasa. Wanda ke da irinsa ya tashi ya amsa da shi, ko ya faɗi sunansa na ainihi. Idan ba mai amsawa, an sara maka. Tun rasuwar Yaya nake rufe taron da Balbela, kuma ba a taɓa samun wanda ya tashi ba. Ba zan ɓoye miki ba, digirin da na yi a Cartagena da shekarun da na kwashe ina cusa wa 'ya'yan mutane Latin ba su bar mini komai ba sai fanshon da ba ya kai ƙarshen wata, da tsofaffin ɗalibai masu kau da kai idan sun hango ni a layin banki. Rana ɗaya ce a shekara mutane ke miƙewa tsaye idan na shigo wuri.

Faifai ba ya tsagewa shi kaɗai a cikin tawul biyu. Mai gyaran wuta ya shiga ɗakin a watan Agusta, na kuma bar shi na je ɗebo masa ruwa. Yajaira da ke haya a ɗakin baya takan share mini ɗakin, tsintsiyarta kuwa tana shiga ƙarƙashin gado fiye da yadda ƙura ke buƙata. Ban tambayi kowa ba, don tambaya ma tonon asiri ce.

Dole in samo wani kafin Janairu, ba tare da kowa ya san ina nema ba. Ban san sunan waƙar ba, ban san ƙasar ba, ban san ko da wane harshe ake rera ta ba. Kada ki gaya wa Hernando, bakinsa ba ya rufuwa.

Ki shafa mini kan jikoki. Allah ya ƙara miki lafiya.

Yayanki,
Temístocles

Barranquilla, tsakiyar Nuwamba

Ƙanwata Edelmira,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutanen gida. Takardarki ta iso, na kuma ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi. Man zafin da kika aiko ya zo, kodayake an buɗe ƙunshin a hanya an sake liƙewa, na ga alamar.

Kin ce faifai ne kawai, in bar shi ya huta. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin saba ganin abu ya ƙare, ba zan yi musu da ke ba. Amma shawararki ta biyu, wai in nemi taimakon Ubaldo Charris, ita ce ta nuna mini kin daɗe da barin garin nan. Gaskiya ne ajinmu ɗaya a sakandare, gaskiya ne ni na riƙe 'yarsa a baftisma har muke ce wa juna compadre. Amma likitan haƙorin nan tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai tara faifai. Ɗaki guda ya ware musu, har da na'urar sanyaya ɗaki, alhali matarsa na kwana da fanka. A duk taro shi ke zama kusa da garmaho, ya karkata kunne idan Balbela na tafiya. Shi zan je in gaya wa ta tsage?

Kullum da safe ina shiga gari. Na bi shagunan tsofaffin faifai da na sani, na bi masu shimfiɗa a ƙasa bayan cocin San Nicolás. Wahalar ita ce ba na iya tambaya. Sai in durƙusa gaban kwalin faifan Afirka, in zaro duk wanda shekarunsa suka yi daidai, in ce a ɗora mini, in saurari farkon kowace waƙa, in girgiza kai kamar mai neman wani abu dabam. Gwiwoyina sun fara yin irin na taki.

Doña Praxedes, mai rumfar kusa da masu gyaran agogo, ta gaji da ni. Shekaranjiya ta ce, “Profe, kwalin nan ka juya shi har ya fara gane ka. In aure kake nema ka fito fili, ni ma ba miji gare ni ba.” Har yau Profe suke ce mini, wato malam, kodayake rabona da alli an jima. Na ce mata bolero nake nema, waƙar soyayya irin ta yankinmu, in yi wa ƙanwata kyauta. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mai neman bolero a kwalin Kongo ba, amma masu ilimi sun fi ta sani.

Sana'ar ma ta lalace. Turawa na zuwa da jakar goyo su kwashe kwali guda ba su saurari ko ɗaya ba. Akwai kuma sababbin shaguna a arewacin gari, masu gilashi da ƙanshin kofi, inda ake sayar da tsofaffin waƙoƙi da aka sake bugawa a kan faifai ja da kore, an rubuta lamba da biro a bayan kwali, wai kaɗan aka buga, idan sun ƙare shi ke nan. Na shiga ɗaya. Mai shagon ya yi mini bayanin kiɗan da na yi rawa da shi tun ba a haifi ubansa ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne wannan. Sau biyu a makon nan ina ɗagowa daga kwali in ga Ubaldo a tsaye a kaina. Na farko a wurin Praxedes, na biyu a wani lungu da ni kaina ban san da shago a cikinsa ba sai ranar. Ya ce, “Compadre, yaya tsohuwar? Tana cin abinci?” Balbela yake nufi. Na ce masa ta fi haƙoran da ya dasa wa mutane ƙwari. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira mai kofi ya saya mana. Muka tsaya muna sha yana ba ni labarin hawan jininsa, amma idonsa na kan faifan da ke hannuna. Da za mu rabu ya dafa kafaɗata ya ce in ina da wata damuwa in tuna gidansa bai tashi daga inda yake ba.

Wace damuwa? Wa ya ce masa ina da damuwa? Na tuna Yajaira tana yi wa matarsa gyaran farce ranar Asabar. Na sayo kwaɗo na sa wa ƙofar ɗakina.

Ki gaida Hernando. Ki ci gaba da shafa naki man, kada ki ce kin warke ki daina.

Naki,
Temístocles

Barranquilla, bayan Kirsimeti

Edelmira ƙanwata,

Barka da Kirsimeti, da fatan kun yi biki lafiya. Na gode da hoton jikoki, ƙaramar ta ɗauko goshin Mama sak. Ni na yi bikin a gida. Iskar Disamba ta zo, tana ta buga ƙofofi, maƙwabta kuma sun fito da lasifika bakin titi suna sa abin da suke kira kiɗa.

Na yi kuskure, gara ki ji daga bakina.

Da shaguna suka ƙare mini sai na koma intanet. Kada ki yi mamaki, wanda ya koyi Girkanci a hannun limaman coci ba waya ce za ta gagare shi ba. Akwai shafukan da masu faifai na duniya ke baje kayansu, daga Paris, daga Osaka, daga Legas, kowanne da ɗan guntun sauti da za ka taɓa ka ji. Na wuni ina taɓawa har kunnena ya fara ƙara. Na rubuta wa wasu da Faransancina na makaranta. To yaya za ka kwatanta waƙar da ba ta da suna? Na ce jita biyu, ɗaya na tafiya a hankali, ƙaho na shigowa a tsakiya, mawaƙin kamar mai mura. Wani a Belgium ya amsa nan take cewa yana da ita, in turo kuɗi. Na ce ya turo sauti tukuna. Ya turo mini wata waƙar coci. Wani kuma ya ce duk kiɗan shekarun nan haka yake.

Na gwada abin da kika faɗa, manhajar da ke sauraron waƙa ta faɗi sunanta. Na rufe taga, na ɗora Balbela, na kara waya. Ta yi ta juyi, ta ce ba ta sani ba. Ki yarda da ni, sai da na ji daɗi. Na ce Yaya Nicanor da cokalinsa ya kayar da masu ƙera waya. Daga baya na tuna ni ma ya kayar da ni.

Sai na ga wani zaure na masu neman faifan Afirka, rubutunsu duk Faransanci da Turanci. Na ɗauka na Turawa ne zalla. Na buɗe suna na ƙarya, na ɗauki ɗan guntun waƙar, na sa, na tambaya ko akwai wanda ya san ta. Na je na dafa shinkafa. Kafin in dawo an cika wurin da Sifaniyancin unguwarmu. Ashe rabin masu faifan Barranquilla suna cikin zauren, suna laɓe suna kallon abin da Turawa ke nema. Wani ya rubuta, wannan ai Balbela ce. Wani ya ce ba hayaniyar mutane a bayan sautin, a cikin ɗaki aka ɗauka, ɗaki ɗaya ne kuwa a duniya. Na uku ya ce ku saurara da kyau, tsuntsuwar tana ɗingishi. Na goge, amma an riga an kwafe. Cikin Turawan kuma babu wanda ya san sunan.

Washegari na bi ta gaban rumfar Praxedes, ta ɗago kai ta ce, “Profe, sannu da jinya.” Ba ta yi dariya ba, da ma dariyar ta yi. Pertuz mai mashaya ya aiko a tambaye ni ko a sa sunana a taron bana ko in huta. Wasu da ba su taɓa sanin ƙofar gidana ba sun zo wai su saya a tsage, don su rataye a bango.

Mutum ɗaya ne bai ce komai ba. Ubaldo yana cikin zauren, na ga sunansa da hotonsa da farar riga. Bai rubuta ko kalma ba, bai kira ba, bai kuma sake bayyana a shago ba. Mutumin da ya bi ni lungu-lungu a Nuwamba ya ɓace daidai ranar da ya sami abin da yake nema. Wani abu yake shiryawa, Janairu kuma ga ta nan.

Allah ya kai mu sabuwar shekara lafiya. Ki sa ni a addu'a, ke da har yanzu ake amsa taki.

Yayanki,
Temístocles

Barranquilla, tsakiyar Janairu

Ƙanwata,

Ina fata kun shiga sabuwar shekara lafiya, ke da Hernando da kowa. Ki yi haƙuri da rubutun, a gurguje nake yi.

Ubaldo ya zo ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Ya shigo da tukunyar farfesun sancocho da matarsa Nohemí ta dafa, da wani abu shimfiɗaɗɗe a naɗe cikin jarida. Ya ce mu ci tukuna. Na ce ba na cin abincin da ban san dalilinsa ba. Ya ce shi ya sa na rame kamar sandar rake. Ya ajiye ƙunshin a tebur ya ce in buɗe.

Faifai ne da kwalinsa, ba ko ƙwarzane. A jikin kwalin samari biyar ne masu wando mai faɗin ƙafa, tsaye gaban wani gidan mai. Ya ce in ɗora gefe na biyu, waƙa ta farko. Na ɗora. Edelmira, jitar nan ta ɗaga ƙafa a cikin ɗakina, tas, ba tak ko ɗaya. Ban taɓa jin ta da wannan haske ba, ashe tamu ta daɗe da dushewa ban lura ba.

Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce an ɗan jima. Na ce, “Tun yaushe, Likita?” Ya ce tun shekarar da ya je taron likitocin haƙori a Marseille, ya shiga shagon wani tsoho ɗan Afirka don ya fake wa ruwa, sai ya ji ta tana tashi. Na lissafa a raina. Lokacin 'yarsa ba ta yi aure ba, yanzu ɗanta na jami'a.

Na ce to me ya hana shi tashi ya amsa mini duk shekarun nan.

Ya ce, “Na zo da ita taro sau ɗaya, tana cikin jaka. Ka shigo, mutane suka miƙe, na ga fuskarka. Sai na bar ta a jaka. Kuma compadre, in na amsa maka, baɗi me za mu zo yi?”

Na tambaye shi wa ya sani. Ya ce shi da Allah, ko Nohemí ba ta sani ba. Ya ce tun a Nuwamba ya gane akwai matsala, don bai taɓa ganina durƙushe gaban kwali ba, amma ya rasa ta inda zai ɓullo mini ban cije shi ba. Ya ce in ɗauki cokali in kankare takardar in ƙona kwalin, ranar taro in ɗora, masu cewa tana ɗingishi su ji kunya. Ya ɗauki hularsa ya tafi, ya bar mini tukunya.

Na karanta sunan. Ba zan rubuta miki ba, kada ki ji haushi. Suna ne kamar kowane suna.

Da farko na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Na ci sancocho har kwano biyu. Amma da na zauna ni kaɗai sai abin ya fara juya mini. Wane ɗan Barranquilla ne zai riƙe magana irin wannan shekara da shekaru? Mutumin da ke buɗe bakin mutane yana zuba musu labari ba su da halin amsawa? Yana buga domino da Pertuz duk Juma'a, suna shan giya. Sai na fara tuno abubuwa. Yadda Pertuz ke jawo mini kujera da wani irin murmushi. Yadda ake tafi tun allura ba ta sauka ba. Yadda ba wanda ya ƙara ko gwada cankar sunan a 'yan shekarun nan, alhali da har faɗa ake yi. Kin tuna yadda muke barin Baba ya ci mu a domino bayan ya fara mantuwa, mu yi ta yaba masa? To idan haka ake yi mini fa? Idan duk wurin sun sani, suna miƙewa ne don tausayin tsohon malamin da ba shi da kowa?

Tsagewar faifai zan iya ɗauka. Wannan ba zan iya ba.

Cokali na nan a tebur kusa da faifan. Ban taɓa takardar ba tukuna. Kada ki kira Ubaldo, na san halinki.

Ki gaida yara.

Temístocles

Barranquilla, Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Edelmira,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya, sanyi kuma ya sassauta muku. Takardarki ta iso ana gobe taro. Kin ce in kankare in yi godiya in rufe bakina. Na karanta sau biyu na sa a aljihu, da ita na tafi.

An cika fiye da kowace shekara, har bakin titi an jera kujeru, ana ta yawo da naman butifarra da lemun tsami. Na san abin da ya kawo su, sun zo ganin gurguwa. Na shigo da jaka, suka miƙe. Na bi su da kallo ina neman wanda zai ƙyafta wa wani ido. Ubaldo na wurinsa kusa da garmaho, ya ɗaga mini kwalba.

Aka yi ta sawa ana amsawa har rana ta yi sanyi, aka zo kaina. Na zaro tamu, ta Yaya, na miƙa wa mai ɗora faifai. Ta tashi da tak ɗinta. Na ga Ubaldo ya ajiye kwalbarsa. Da ta ƙare Pertuz ya ɗauki makirufo ya yi tambayar da yake yi kowace shekara, ko akwai mai amsawa. Ba wanda ya motsa. Aka fara tafi, har da masu cewa ko da ƙafa ɗaya ta fi su. Da na zauna a lokacin, da shi ke nan.

Ban zauna ba. Tafin ne ya yi mini yawa, na ji kamar ana shafa kaina. Na karɓi makirufo na ce akwai mai amsa a wurin nan, kuma na gaji da wasan yara. Na zaro ɗaya faifan da kwalinsa na ajiye a gaban Ubaldo, na ce Likita ya tashi ya karɓi abin da ya ci tun tuni.

Bai taɓa shi ba. Ya ce a hankali, “Compadre, zauna. Mayar da shi jaka, ba wanda ya gani tukuna.”

Na ce kowa ya gani tun shekaru, ni kaɗai ne makaho. Na zare faifan da hannuna na ba mai ɗorawa. Kafin allura ta sauka wayoyi sun tashi sama, ana ture juna ana ɗaukar hoton kwalin. Wani ya karanta sunan da ƙarfi, ya kasa furta shi daidai, wani ya gyara masa.

Ni ba kwalin nake kallo ba, fuskoki nake kallo, don abin da na zo gani ke nan. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, Edelmira. Na yi shekaru ina gane ɗalibin da ya saci amsa daga yadda yake riƙe biro, ba a yi mini wasan kwaikwayo. Tsoho Anselmo da ya yi wa Yaya dakon lasifika ya buɗe baki ya kasa rufewa. Praxedes ta dafe ƙirji, ta ce mini, “Profe, me ka yi haka?” Wani da ya taso tun daga Cartagena ya cire hula ya riƙe kamar a jana'iza. Ba su sani ba. Duk shekarun nan da gaske suke miƙewa.

Waƙar ta tafi tas har ƙarshe, ba wanda ya yi rawa. Da na waiwaya kujerar Ubaldo ba kowa.

Kafin in iso gida sunan ya zaga duniya. Yanzu kowa na da ita a waya. Jiya na ji ta a motar haya, direba na ta canzawa, bai ma bari ta kai inda ƙaho ke shigowa ba.

Na je gidan Ubaldo in mayar masa da faifansa. Nohemí ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce yana barci. Da hantsi ne, kuma ina jin kiɗa na tashi daga ɗakin faifansa. Na miƙa mata, ta ƙi karɓa, ta ce ya ce kyauta ce, ba a mayar da kyauta. Ta ce in aiko mata da tukunyarta idan na sami hali.

Kin ce in zo Tunja in huta, ɗakin baƙi na nan. Na gode, amma ba yanzu ba. Akwai abin da bai kwanta mini ba. Lokacin da aka karanta sunan, kowa ya ɗago kai ban da Pertuz. Shi ya sunkuya yana goge tebur, teburin kuwa ba abin da ya zube a kai. Na yi ta juya wannan a raina. Mai yiwuwa shi ya sani. Idan ya sani, to akwai wanda ya gaya masa, kuma ban yi abin da na yi a banza ba. Gobe zan je in sha kofi a wurinsa in lura da shi da kyau. Mutum ɗaya ma ya ishe ni.

Ki gaida Hernando da yara da jikoki. Wannan ba sai kin yaga ba, ba sauran abin ɓoyewa. Allah ya bar mu tare.

Yayanki,
Temístocles